Rosette ɗina ya ƙi fitowa daidai: yaya ake haɗa Ha da OIII da hoton kala?

Habu_Taurari

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kwanan waje. Don Allah ina neman taimako a kan hoton Rosette, nebular nan mai lamba NGC 2237, wato gajimaren gas a sararin samaniya, wallahi ya kusa sa min hawan jini.

Kayan aikina dai ba wasu manya ba ne, ƙaramin talaskof na gilashi mai faɗin milimita 80, kyamarar kala mai sanyaya kanta da sensa IMX533, sai filtar L-eXtreme ta Optolong wadda take barin Ha da OIII kaɗai su wuce, wato hasken haidurojin da na oksijin, faɗin nanomita 7 kowanne. Na tara wajen awa takwas da filtar, minti biyar-biyar kowane hoto, sannan da wata ya ɓace na cire ta na ɗauki kamar awa biyu na kala zalla, minti ɗaya-ɗaya. Dak da filat da bayas, wato hotunan da ake cire dattin kyamara da su, duk na yi. A manhajojin gyaran hoto Siril nake amfani da shi, ina da GraXpert mai daidaita hasken bayan hoto da StarNet mai cire taurari, PixInsight kuwa sai dai in gani a hannun manya.

To ga matsalar. In na tara na filtar kaɗai sai ya fito jajir, ja tun daga sama har ƙasa, tsakiyar nan da nake ganin bulu mai kyau a hotunan mutane ni nawa wani fari-fari ne kawai ba armashi, taurarin kuma ƙanana ne dai amma kalarsu ba ta yi ba, wasu ja wasu kore-kore. In na tara na kala kuma taurarin sun yi kyau sosai, ga masu ruwan goro ga masu bulu, amma sun cika hoton sun danne nebular gabaɗaya sai ka ƙura ido kafin ka gan ta. Sai na ce bari in haɗa su tunda kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa, na ɗora ɗaya kan ɗaya a manhajar GIMP rabi da rabi, ya fito wani ruwan hoda koɗaɗɗe kuma kowane tauraro ya yi zobe ja a kewaye. Na ga wani yana cewa a sa Ha a matsayin hoton haske a sa na kala a ƙarƙashinsa, na gwada, abin ma ya fi muni.

Tambayata: wane mataki ne ke zuwa kafin wane? Awannin ne suka yi kaɗan ko hannuna ne? Kuma shin dole sai na koma kyamarar mono, mai ɗaukar baƙi da fari, kafin in samu irin waɗancan kalolin na zinare da bulu? Na gode.

Malam_Dare

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, awannin da ka tara sun isa su ba ka hoto mai kyau, Rosette ba mai rowar haske ba ce. Ba kayan aikinka ne suka gaza ba, jerin aikin ne za mu gyara.

Fara da gane dalilin jan nan. Haidurojin ɗin da ke cikin nebular yana fitar da haske a tsawon zango na nanomita 656.3, wato Ha, ja ne sosai, oksijin kuma yana fitarwa a 500.7, wato OIII, tsakanin kore da bulu. A Rosette da mafi yawan irinta Ha ya ninka OIII ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka in ka tara hoton kamar hoton kala na yau da kullum ka miƙa haskensa a dunƙule, wato ka ɗaga shi don abin da ya dushe ya fito, Ha ɗin ne zai fara cika ido tun OIII bai ɗago kai ba. Bulun da kake nema yana nan cikin datar, a tsakiya yake kewaye da tarin taurarin NGC 2244 masu zafi waɗanda su ne ma suke hura wa gas ɗin wuta, danne shi kawai aka yi.

Don haka abu na farko, kar ka ɗauki hoton filtar a matsayin hoton kala. Hotuna biyu ne na baƙi da fari aka cusa a fayil ɗaya, aikinka ka raba su. A Siril akwai sikirif mai suna OSC_Extract_HaOIII, shi zai ciro maka Ha daga fiksel ɗin ja, ya ciro OIII daga na kore da bulu, ya tara kowanne daban. Ka tuna sensar kala a kowane fiksel huɗu ɗaya ne ja, biyu kore, ɗaya bulu, shi ya sa Ha ɗin asalinsa rabin girma yake fitowa, ka duba ka tabbatar girmansu ya zo ɗaya kafin ka ci gaba.

Yanzu kana da abu uku a hannu, Ha, OIII, da na kala. Ka daidaita su duka kan juna tun suna ɗanyu ba a miƙa haskensu ba, tauraro kan tauraro, sannan ka yanke gefen da ya lalace iri ɗaya a dukkansu. Wannan matakin mutane suna raina shi, amma rabin zoben da ake gani a taurari daga nan yake fitowa, fiksel ɗaya in ya goce za ka gani. Bayan nan kowanne ka wuce da shi GraXpert ka cire hasken gari da ya karkata gefe guda, amma ka yi a hankali don Rosette ta fi digiri ɗaya faɗi, in ta cika maka firam babu wurin da yake sama zalla sosai, kar manhajar ta ɗauki nebular a matsayin datti ta share maka ita.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Na kala ɗin, a wannan hoton, taurari kawai muke so daga gare shi. Ka yi masa daidaita kala da taurari, Siril yana da shi, yana duba ainihin kalar taurarin da ke firam ɗinka a kundin taurari ya gyara ja da kore da bulu su zauna daidai. Sai ka sa StarNet ya raba, ka ajiye taurarin gefe, ka miƙa su kaɗan kawai, kaɗan fa nake cewa, domin da zarar tsakiyar tauraro ta ƙone ta zama fari fat kalarsa ta tafi ke nan ba ta dawowa. Ha da OIII kuwa akasin haka, ka cire musu taurarin ka zubar, ba ma buƙatarsu, nebular muke so. Taurarin siririyar filta ba su da kalar gaskiya tunda ƴan siraran yanka biyu kawai aka ɗebo daga haskensu, shi ya sa ka ga wasu ja wasu kore-kore.

Da babu taurari a kai sai ka samu sakewa. Ka miƙa Ha yadda ya yi maka, sannan ka miƙa OIII fiye da shi har duhun bayansu ya zo daidai kuma hasken tsakiya ya kusa kamo na Ha. OIII zai yi tsakuwa-tsakuwa, dole ne, ka rage masa noyis da hannu mai ɗan nauyi ba komai, ai ƙananan zane-zanen hoton daga Ha za su fito, OIII kala kawai zai kawo. Sai ka shiga PixelMath, wurin haɗa hotuna da lissafi a Siril: ja ka ba shi Ha, bulu ka ba shi OIII, kore ka ba shi OIII. Wannan shi ake kira HOO, zai ba ka ja a gefe da bulu mai ɗan kore a tsakiya. In zinaren nan kake so sai ka ɗan zuba Ha a cikin kore, misali 0.3*Ha + 0.7*OIII, jan zai karkata zuwa ruwan goro, ka yi ta wasa da lambar har ta yi maka. A ƙarshe ka mayar da taurarin kala a kai, Siril yana da wurin haɗa taurari da hoton da ba taurari, in a GIMP ne kuma ka sa leyar taurarin a Screen, kar ka ƙara yin rabi da rabin nan.

Zancen sa Ha a matsayin hoton haske kuwa, dalilin da ya sa ya koɗe shi ne ka ɗaga hasken wurin sama sosai alhali kalar da ke ƙarƙashi ba ta da ƙarfin da za ta riƙe shi, sai jan ya wanke ya zama ruwan hoda, kuma taurarin Ha sun fi na kala ƙanƙanta, sai ragowar kalar ta leƙo ta gefe ta yi zobe. Ka bar wannan hanyar.

MonoKawai

Malam ya yi bayani amma bari in faɗi abin da ba a so a ji. Habu ka sayar da kyamarar nan ka koma mono ka huta. Kana ɗaukar Ha da fiksel ɗaya cikin huɗu, sauran ukun suna zaune suna kallonka, ni kuwa duk fiksel ɗina aiki yake yi. Kuma wani abu, filtocin da ke kan fiksel ɗin kore ba sa tare ja ɗari bisa ɗari, akwai Ha da yake yoyo ya shiga, to OIII ɗin da za ka ciro ba tsantsa ba ne, shi ya sa in ka duba za ka ga fasalin Ha a cikinsa. Sannan zinare da bulun da kake gani a hotunan mutane yawanci SHO ne, wato haɗin SII da Ha da OIII, akwai SII, hasken sulfa, a ciki, kai kuma filtarka ba ta ma san da SII ba. Duk abin da za ka yi kwaikwayo ne.

Maman_Nebula

MonoKawai kai dai kullum maganarka ke nan, ko mutum ya ce igiyar wutarsa ce ta tsinke sai ka ce ya sayi mono. Yoyon Ha cikin kore gaskiya ne, ban musa ba, amma ai ana rage shi, ka ɗebe ɗan kaso na Ha daga OIII a PixelMath tun suna ɗanyu har ka ga fasalin gefen ya dushe, shi ke nan. Kuma ka manta ka faɗa masa cewa shi a dare ɗaya yana ɗaukar Ha da OIII lokaci guda, kai kuwa sai ka yi wannan ka juya filta ka yi wancan. Mono ta fi, eh, amma ba ita ce maganin abin da ya kawo ba, mai mono ma in ya haɗa rabi da rabi ruwan hodar nan zai samu.

Habu ƙanena, abin da Malam ya ba ka shi ne hoton siririyar filta da aka ara wa taurarin kala. Akwai hanya ta biyu, kuma ina ga ya kamata ka tsaya ka zaɓi wadda kake so tun kafin ka taɓa komai, domin ba hoto ɗaya suke bayarwa ba. Ta biyun ita ce hoton kala na gaskiya da aka ƙara wa ƙarfi da Ha da OIII, wato na kala shi ne gida, na filtar baƙi ne. Ni ita na fi so ga Rosette saboda ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke kewaye da kuma kalar sama ta baya, siririyar filta ba ta nuna su yadda suke.

Sirrin wannan hanyar shi ne ka gane cewa hoton Ha ɗinka ba Ha kaɗai ne a ciki ba. Taurari suna fitar da haske a kowane zango, to ɗan abin da ya faɗo cikin nanomita 7 ɗin nan shi ma ya shigo, in ka zuba shi kai tsaye cikin ja ka ƙara wa kowane tauraro ja ke nan, ga zobenka. Sai a fara cire wannan hasken gama-garin. Ka raba hoton kalarka gida uku, ka ɗauki na jan, mu kira shi R, duka suna ɗanye ba a miƙa ba, ka rubuta:

Ha - k*(R - med(R))

med matsakaicin hasken hoton ne, wato kusan hasken bayansa, k ɗin nan kuma lamba ce da za ka nemo da gwaji, ka fara da ƙarama ka yi ta ƙarawa kana kallon taurari. In suna nan farare k ta yi kaɗan, in sun zama baƙaƙen ramuka ta yi yawa, inda suka kusa ɓacewa nan ne daidai, kuma ba za su taɓa ɓacewa tas ba tunda girmansu ya bambanta a hotunan biyu, kar ka ɓata dare a kai. Abin da ya rage shi ne gas zalla, mu kira shi H. Ka rage masa noyis, sannan:

R + b*(H - med(H))

b ita ce yawan da kake so ka zuba. Amfanin cire med ɗin shi ne kar bayan hoton ya yi ja, nebular kaɗai za ta ƙaru. Haka za ka yi wa OIII, ka cire masa hasken gama-gari da ɓangaren kore, sannan ka zuba shi cikin kore da bulu.

Ga wani ɗan abu da mutane ke mantawa. Haidurojin ba Ha kaɗai yake fitarwa ba, yana da H-beta a nanomita 486, bulu-bulu ne, ƙarfinsa wajen kashi ɗaya cikin uku na Ha, a lissafi 2.86 ne tsakaninsu kafin ƙura ta rage bulun. Shi ya sa ainihin kalar irin wannan nebula ba ja wur ba ce, ja ce mai ɗan karkata zuwa shunayya. L-eXtreme ba ta barin H-beta ya wuce, to in ka zuba Ha a ja kaɗai zai yi wani ja mai kauri mara rai. Ka ɗan ba bulu kaso kaɗan na H ɗin, kamar 0.1 zuwa 0.2 na abin da ka ba ja, za ka ga bambanci nan take.

Awa biyu na kala ya ɗan yi kaɗan ga wannan hanyar gaskiya, ga taurari ya isa har ya yi yawa, amma in shi ne zai zama gida sai ka ƙara. Kuma ka san lissafin, in kana so noyis ya ragu da rabi sai ka ninka lokacin sau huɗu, ba sau biyu ba.

Kallo_Da_Ido

Ku yi haƙuri in ɗan sa baki, ni ba na ɗaukar hoto, ido nake sa wa a talaskof. Amma duk lokacin da na karanta irin wannan sai in ce to wai hoto kuke yi ko zane? Ka cire taurari, ka zubar, ka aro wasu, ka ɗaga wannan ka danne wancan, ka zuba ja cikin kore don ka samu zinare, a ƙarshe ka sa a intanet mutane su ce Allahu Akbar dubi yadda sama take, alhali ba haka take ba. Na sha nuna wa mutane M42, nebular Orion, a talaskof su ce ina kalar da muke gani a hoto, su tafi suna ganin kamar nawa ne ya lalace. Ni ina ganin aƙalla wanda Hajiya Maman_Nebula ta kawo ya fi kusa da gaskiya, na Malam kuwa, Allah ya huci zuciyarsa, fenti ne.

Malam_Dare

Ba komai Alhaji, zuciya a huce take, kuma rabin maganarka na yarda da ita. Amma bari in tambaye ka, wacce ce kalar gaskiyar? Wadda idonka ya gani? Idon ɗan Adam a cikin duhu kusan makaho ne ga nanomita 656, inda ya fi gani shi ne wajen 500, daidai inda OIII yake, shi ya sa M42 take fito maka toka-toka mai ɗan kore. Jan yana nan, ya ma fi yawa a wurare da dama, idon ne bai iya kama shi ba. To ka ga ko kai ma da filta kake kallo, wadda aka haife ka da ita.

Koren nan da kake gani ma yana da labari. A 1864 William Huggins ya duba hasken nebular NGC 6543 da na'urar rarraba haske, ya ga ba irin na taurari ba ne, ƴan layuka ne masu haske, mafi ƙarfinsu kore, kuma bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, har aka ɗauka wani sabon sinadari ne aka raɗa masa suna nebulium. Sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne da ya rasa ilaktaron biyu, yana fitar da wannan hasken ne kawai a inda gas ya yi sirantakar da ba a iya samu a ɗakin gwaji a lokacin ba. Shi ne OIII ɗin da Habu yake fama ya ciro.

SHO kuwa dalilinsa a fili yake. SII yana wajen nanomita 672, Ha yana 656, duka biyun ja ne, in ka bar su da kalarsu ba mai iya bambance inda sulfa take da inda haidurojin yake. Sai aka ba SII ja, aka ba Ha kore, aka ba OIII bulu, don ido ya raba su. Hoton nan na ginshiƙan nebular M16 da talaskof ɗin Hubble ya ɗauka a 1995, na Jeff Hester da Paul Scowen, haka aka yi shi, daga nan ne ma tsarin ya yi suna. Siririyar filta kamar ka kama tasha ɗaya ce a rediyo ka bar sauran hayaniyar, abin da ka ji ɗin da gaske an faɗe shi, kai dai ka zaɓi wa za ka saurara. Inda hoton ya nuna bulu akwai oksijin a wurin da gaske, ba wanda ya zana shi.

Inda na yarda da kai shi ne a riƙa faɗa. Ka sa hoto, ka rubuta a ƙasa HOO ne da taurarin kala, ko SHO ne, ko kala ce da aka ƙara wa Ha. Wanda ya yi shiru ya bar mutane suna zaton haka za su gani da ido, shi ne bai kyauta ba. Kuma wanda ya ɗauki buroshi ya shafa bulu inda datarsa ba ta nuna ba, wannan kam fenti ne, ba na kare shi. Habu, naka in ka yi zinaren nan kar ka rubuta SHO, tunda babu SII a ciki, a nan MonoKawai ya yi gaskiya.

Habu_Taurari

Kai, Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode ƙwarai. Na bi hanyar Malam tukuna tunda ita ce datata ta fi dacewa da ita, wallahi da na raba su na miƙa OIII shi kaɗai sai ga tsakiyar ta fito, ban taɓa zaton tana ciki ba. Na tsaya a 0.25 na Ha cikin kore, ya ba ni ja mai ɗan ruwan goro, baƙaƙen zaren ƙurar nan da ke ratsa gefen tsakiya sun fito ɓaro-ɓaro. Zoben taurari ya tafi.

Saura abu biyu. Na ɗaya, inda manyan taurari suke kafin StarNet ya cire su akwai wasu tabo zagaye-zagaye masu bulu, musamman a OIII, taurarin kala da na mayar ba su rufe su duka ba tunda na miƙa su kaɗan kamar yadda Malam ya ce. Na biyu, bayan hoton ya ɗan yi shunayya-shunayya a kusurwoyi, in na sa abin cire kore sai ya ƙaru. Sannan tambaya ta gefe, ina so in gwada nebular M20 in lokacinta ya zo, da Kaza da 'Ya'yanta kafin su faɗi, wannan hanyar za ta yi a kansu?

Maman_Nebula

Madalla, ka ga ba sai ka sayar da komai ba.

Tabon nan kewayen haske ne da manyan taurari suke yi a OIII, ya danganta da filta da gilashin da ke gaban sensa, StarNet yana cire tauraron ya bar kewayen, kai kuma ka zo ka miƙa OIII da ƙarfi sai ya fito fili. Ka gyara shi tun a hoton OIII da ba taurari kafin ka haɗa, a GIMP ka ɗauki abin shafe tabo ka bi manyan kawai, ba za su fi a ƙirga ba, ko kuma ka yi maski zagaye mai laushin baki a kansu ka rage haske har ya yi daidai da kewayensa. Amma ka buɗe hoton asali a gefe kana dubawa, musamman a tsakiya wajen NGC 2244, don a can akwai OIII na gaske kar ka share shi tare da tabon.

Shunayyar kuma ka daina sa abin cire kore, shi ne yake ƙara ta, ja da bulu in suka rinjayi kore ai shunayya za ka samu. Abin cire kore an fi buƙatarsa a SHO inda Ha yake zaune a kore ya mamaye ko'ina, a HOO ba ka da koren da ya yi yawa. Ka koma baya ka auna duhun bayan Ha da na OIII bayan ka miƙa su, lambobin su zo kusan ɗaya, kuma ka sake duba OIII ko akwai ragowar hasken gari a kusurwa, shi ya fi Ha kamuwa da hasken wata da fitilun LED. In har yanzu akwai saura, ka juya hoton ya koma kishiyarsa, shunayya za ta zama kore, ka cire koren da sauƙi-sauƙi, ka sake juyawa. Gaba in za ka ƙara awanni da filtar nan ka zaɓi daren da wata bai yi ƙarfi ba ko yana nesa da inda ka nufa, Ha ba ruwansa sosai amma OIII yana shan wahala.

Kaza da 'Ya'yanta kar ma ka sa filtar. Hazon da ke kewaye da su, wato M45, ba gas ne mai fitar da haskensa ba, ƙura ce take mayar da hasken taurarin, haske ne mai faɗi ba layi ɗaya ba, filtar za ta tare kusan duka ta bar ka da taurari tsirara. Kala zalla, sama mai duhu, awanni da yawa. M20 kuwa rabi da rabi ce, ɓangaren jan Ha ne, ɓangaren bulun ƙura ce mai mayar da haske, to a nan hanyar Malam za ta cinye maka bulun, tawa ce za ta yi: na kala ya zama gida, ka ba shi mafi yawan lokacin, Ha ɗin ka cire masa hasken gama-gari ka zuba kaɗan a ja. In ka zo neman k ɗin ka turo hoton yadda taurarin suka kasance mu duba tare.